Z, N, HO, O ko G: Wane Ma'auni Ya Dace da Mai Son Gina Ƙaramin Layin Dogo Ya Kai Shi Baje Koli?

Wanda ya ƙudiri aniyar gina ƙaramin layin dogo na kwaikwayo, da tasharsa da gadarsa da tuddansa, jirgi na ratsawa da wutar lantarki, shawarar farko da ke gabansa ita ce ta ma'auni, wato sau nawa za a ƙanƙantar da jirgin gaske. Fenti in bai yi ba sai a sake, gada in ta karkace a rushe a gina wata. Ma'auni kuwa, da zarar ka sayi dogo da kan jirgi da taragu, to ka shiga ke nan, don yawanci taragon wannan ba ya hawa dogon wancan, har gidaje da 'yan mutanen da ka jera a gefen hanya duk sai an sake su. Abin ya fi tsauri ga mai niyyar fitar da aikinsa baje koli, saboda ba ɗakinsa kaɗai zai auna ba, har da ƙofa da matakala da bayan motar da za ta ɗauki kayan.

Lambobi iri biyu za ka riƙa cin karo da su. Ma'auni shi ne rabon girma, kamar 1:87, ma'ana santimita ɗaya a kan teburinka tana wakiltar santimita 87 a zahiri. Tazara kuwa nisan da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu ce. Mafi yawan layukan dogo na duniya tazararsu milimita 1,435 ce. Ka raba ta da 87 ka samu 16.5, ka raba ta da 160 ka samu kusan 9. Daga nan lambobin tazara na jadawalin da ke ƙasa suka fito, inda kowane ma'auni yake da haruffan da ake kiransa da su, kamar N ko HO.

## Abubuwan da za a auna

Wuri. Ba kaurin jirgi ne ke cin wuri ba, kwana ce da tsawon jerin taragu. Jirgin da zai zagaya ya dawo yana buƙatar da'ira, kuma faɗin wannan da'irar shi ne zai yanke faɗin allon katakonka. In kuma layin miƙaƙƙe ne, daga tasha zuwa ɓoyayyen wurin ajiye jirage a bayan labule, to dole tsawon jirginka ya samu wuri sau biyu, ban da marabar dogo da ke tsakani.

Kuɗi. Ba farashin kan jirgi guda ake dubawa ba. Ana duba abin da za a kashe kafin shimfiɗar, wato layin da duk adonsa, ta cika ido.

Ƙarko da tafiya ba tangarɗa. Wuta ta cikin ƙarafan dogo take bi ta hau tayoyi ta isa injin. Gwargwadon nauyin kan jirgi, gwargwadon yadda yake danne ƙura ya ci gaba da samun wuta. Mara nauyi kuwa ɗan datti kaɗan ke tsayar da shi.

Sauƙi ga ido da hannu, naka da na 'yan kallo.

Kasada. Kayan da suka ƙi dacewa da juna, da kayan gyaran da ake nema a rasa.

| Ma'auni | Rabo | Tazara (milimita) | Faɗin ƙaramar da'irar juyawa | Tarago mai mita 26.4 zai koma | Tsada | Ɗauka |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Z | 1:220 | 6.5 | santimita 29 zuwa 39 | santimita 12 | sama da tsammani | hannu ɗaya |
| N | 1:160 | 9 | santimita 50 zuwa 63 | santimita 16.5 | matsakaiciya | mutum ɗaya |
| TT | 1:120 | 12 | kamar santimita 62 | santimita 22 | matsakaiciya | mutum ɗaya |
| HO | 1:87 | 16.5 | santimita 72 zuwa 92 | santimita 30 | daga araha har tsada | ɗaya ko biyu |
| OO | 1:76 | 16.5 | kamar santimita 88 | santimita 35 | daga araha har tsada | ɗaya ko biyu |
| O | 1:43.5 zuwa 1:48 | 32 | mita 2 ko fiye | santimita 55 zuwa 61 | mai tsada | jama'a da babbar mota |
| G | galibi 1:22.5 | 45 | mita 1.2 | fiye da mita 1 | mai tsada | ba a cika ɗagawa ba |

## Z

Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fito da shi a 1972. Cikakkiyar shimfiɗa da dutse da rami tana shiga cikin jakar hannu ta ofis, kuma duk inda aka buɗe ta a baje koli sai mutane sun tsaya. Sai dai ƙanƙanta ba araha ba ce. Ƙera injin da bai kai ɗan yatsa ba aiki ne mai wuya, masu ƙerawa kuma ba su da yawa, don haka zaɓi kaɗan ne farashi kuma ba ya sauka. Kan jirgin ba shi da nauyi, zare guda na auduga in ya nannaɗe a sandar da ke haɗa tayoyi ya isa ya gurgunta shi. Ɗora tarago bisa dogo ma sai da kayan ɗorawa na roba, gyara kuwa sai da hantsaki da gilashin ƙara girma. Ba na ba sabon shiga shawarar farawa da shi, sai in wuri ne ya tilasta.

## N

A nan ne gardama ta gaske take, domin mafi yawan masu ruɗewa tsakanin N da HO suke.

N ya bunƙasa ne tun farkon shekarun 1960 ta hannun kamfanin Arnold na birnin Nuremberg, kuma a Japan, inda ɗakuna ba su da yalwa, shi ne sarki. Ƙarfinsa a lissafi yake. Tsawon komai a N ɗan sama da rabin na HO ne, amma filin da yake ci bai kai kashi ɗaya bisa uku ba. Kan jirgi da taragun fasinja biyar a HO za su kai kusan mita 1.75, a N ba su cika mita ɗaya ba. Tashar da za ta karɓi wannan jirgi, haɗe da ɓoyayyen wurin ajiya, a HO ta haura mita 4, a N kuwa kamar mita 2 da rabi ta wadatar. Shi ya sa duk mai son ganin dogon jirgin kaya yana nannaɗe tsauni, kai ya shige rami wutsiya tana kan gada, N ne ke ba shi wannan a ɗaki na talaka. Jirgi yakan zama ƙarami a cikin faɗin ƙasa, kamar yadda yake a zahiri.

Kuɗi fa? Kada ka ɗauka rabin girma rabin farashi ne. Kan jirgi na N farashinsa na kusa da na HO mai inganci irin nasa, tunda aikin ƙira ɗaya ne. Inda ake samun rangwame shi ne katako da kayan tsara ƙasa. Inda rangwamen ke zurarewa kuma shi ne taragu: wurin da zai ɗauki shida a HO zai ɗauki goma sha ɗaya a N, kuma ba wanda ke barin dogo haka nan fayau.

Wajen ƙarko, injinan N na zamani suna tafiya lafiya lau, musamman in suna zagaye ba tsayawa. Raunin yana bayyana ne a tafiyar hawainiya. Ka lura da ƙaramin kan jirgi mai tayoyi shida yana rarrafe zai haye marabar dogo, inda akwai ɗan guntun roba da ba ya ɗaukar wuta. Taya biyu na kan robar, ɗaya ta ɗan ɗaga saboda dogon bai kwanta daidai ba, sauran kuma sun kwashi baƙin datti. Fitila ta ƙifta, jirgi ya tsaya cak. Sai ka ga hannun mai shimfiɗa ya sauko daga sama ya ɗan tura shi da yatsa, a gaban mutum ashirin. Wannan yatsan shi ne abin da kowane mai baje koli ke gudu. Maganinsa marabar da aka sa wa wuta har tsakiyarta, da dogo mai kwanciya sumul, da goge ƙarafa da tayoyi kafin a buɗe ƙofa. A HO ma ana fama da wannan, amma nauyi yana rufa asiri. A N ba ya rufawa.

Kasada guda da za a sani: N ɗin Birtaniya 1:148 ne, na Japan yawanci 1:150, na Turai da Amurka 1:160. Duk dogo ɗaya suke hawa, amma in aka jera su bambancin yana fitowa, kuma ƙugiyoyin haɗa taragu ba iri ɗaya ba ne.

Babban abin da N ya fi kowa da shi wajen baje koli shi ne tsarin gutsure-gutsure. NTRAK, wanda ya fara a Amurka a 1973, ya ƙayyade allon da kowa zai gina a gida ya kawo a haɗa. T-TRAK, wanda ya samo asali daga Japan a farkon shekarun 2000, ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba: akwati ne mai tsawon milimita 308, ɗauke da dogon Unitrack na kamfanin Kato mai milimita 310, ana ɗora shi bisa tebur, a turo na maƙwabci, ƙarshen dogo ya shige ƙarshen dogo ya ce ƙas. Ba noti, ba ƙafafu. Mutum na iya gama guda cikin 'yan makonni ya shiga baje koli tare da wasu tun bai mallaki ɗaki na musamman ba.

## TT

Yana tsakanin N da HO, kuma a takarda kamar shi ne ya fi daidai: ya isa riƙewa, bai cika wuri ba. Ya yi ƙarfi a gabashin Jamus da maƙwabtanta, inda kamfanin Tillig yake, sannan kamfanin Hornby ya shigo da nasa na Birtaniya a 2022. Matsalarsa zaɓi. Kafin ka sa ƙafa, ka tabbatar jiragen da kake son kwaikwaya ana yin su a wannan ma'auni, in ba haka ba za ka yi ta jiran gawon shanu.

## HO da OO

HO ne ya fi yaɗuwa a duniya, kuma daga wannan yaɗuwar duk sauran alfanunsa suka fito. Kusan duk jirgin da ya shahara akwai shi a 1:87. Akwai na araha don koyo, akwai na tsada mai kowane ƙusa a wurinsa, akwai kasuwar na hannu mai faɗi, akwai motoci da gine-gine da mutane da dabbobi iri-iri. Miniatur Wunderland, katafaren gidan baje kolin ƙananan jirage na birnin Hamburg, wanda 'yan'uwa Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, da wannan ma'auni aka gina shi, dogonsa kuma ya haura kilomita 15. Ba don ka yi irinsa na ambace shi ba, sai don ka ga cewa kayan wannan ma'auni suna jure aikin yini guda cur, kullum.

Girmansa ya dace da hannun mutum. Kana iya buɗe kan jirgi ka sa masa mai, ka canza giya, ka liƙa waya da dalma ba tare da ka riƙe numfashi ba. Akwai wurin saka ƙaramar na'urar DCC, tsarin da ke aika umarni ta cikin dogo zuwa kowane jirgi da lambarsa, wanda kamfanin Lenz ya ƙirƙiro ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990. Akwai kuma wurin lasifika, don a ji gurnanin inji da ƙarar birki. Ɗan kallo da ke tsaye mita ɗaya daga shinge yana iya karanta lambar tarago ya ga direba a taga.

Wuri ne kuɗin da ake biya. Sanannen allon nan mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato mita 1.22 da 2.44, wanda da yawa ke farawa da shi, shi ne mafi munin abin kaiwa baje koli. Ba ya shiga ƙaramar mota, ba ya juya kwanar matakala, hannu kuma ba ya kai tsakiyarsa sai an zagaya. Ga shi dogayen taragu suna munana a kan matsattsiyar kwana, cikinsu ya rataya waje. A ganina mai HO da ke son baje koli ya manta da zagaye tun farko, ya gina doguwar kanta mai faɗin santimita 40 zuwa 60, a rarrabe gida biyu ko uku, kowane bai wuce mita 1.2 ba.

Kuma ƙaramin wuri ba ya nufin ƙaramin aiki. Akwai tsarin da wani magini na Birtaniya, Alan Wright, ya yi suna da shi, mai suna Inglenook Sidings: rassa uku, ɗaya na ɗaukar taragu biyar, biyu na ɗaukar uku-uku, wurin ja da baya kuma na ɗaukar kan jirgi da taragu uku. Taragu takwas ne a fili. A zaɓi biyar bisa ƙuri'a, a ce ka jera su bi da bi yadda suka fito. Jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Da gajerun taragun Birtaniya a OO, dukan abin yana zama a kan allon da bai fi mita 1.2 ba. A baje koli sai a miƙa wa yaro makunnin ya gwada, ka ga uba da ɗa sun manta da sauran zauren. Irin wannan aiki na tafiya a hankali, haɗawa da kwancewa, nan ne nauyin HO da OO ke biyan kuɗinsa.

Kasada biyu ce, kuma duk biyun suna kama sababbin shiga. Ta farko, OO na Birtaniya da HO dogo ɗaya suke hawa, amma jikin OO ya ɗara da kusan kashi 14 cikin ɗari. Za su yi tafiya tare, sai dai ido ba zai yarda ba. Ta biyu ta fi ciwo: HO ɗin Märklin wutarsa daban ce, yana ɗaukar ta ne daga 'yan ƙusoshi da ke tsakiyar dogo, alhali sauran kamfanoni daga ƙarafa biyu suke ɗauka. Kan jirgin wannan ba ya tafiya a dogon wancan, taragon Märklin kuma in ka ɗora shi a dogon ƙarafa biyu ba ka canza masa tayoyi ba, zai haɗa wuta komai ya tsaya. Duk mai sayen na hannu ya kifa kan jirgin ya duba cikinsa: in ya ga dogon ƙarfe mai sulɓi a tsakiya, to na tsarin ƙusoshi ne. A guji kuma tsohon dogon baƙin ƙarfe komai arharsa, don tsatsa yake yi. Dogon da ake kira azurfar nikel ya fi, ko ya dusashe yana wuce da wuta.

Masu son gutsure-gutsure a HO suna da FREMO, ƙungiyar da aka kafa a Jamus a 1981, wadda mambobinta ke haɗa alluna su cika zaure su tafiyar da jirage bisa jadawali, dogon yana tsaye mita 1.3 daga ƙasa. Wannan tsayi yana sa babba ya ga jirgi daga gefe kamar yana bakin tasha, amma yara da masu keken guragu ba sa ganin komai. Duk ma'aunin da ka zaɓa, ka yi wannan tunani kafin ka yanke ƙafafun tebur.

## O

In kan jirgi na O ya wuce a gabanka, kana jin nauyinsa a katako, kana jin ƙwas-ƙwas ɗin tayoyi a mahaɗar dogo. Ba ya tsayawa don ƙura, ana hango shi daga bayan taro, kuma mai raunin gani ko rawar hannu yana iya aiki da shi cikin daɗi. Kowane abu guda ya fi na HO tsada sosai, amma akwai wani lissafi: wurin da kake da shi ba zai ɗauki fiye da kan jirgi ɗaya ko biyu da taragu goma ba, don haka jimillar kuɗin kan zo kusa da na mai HO da ya tara ashirin. Wahalar tana wajen ɗauka da kuma ado. Jirgin fasinja mai taragu biyar ya haura mita 3, kuma a wannan girma ido na ganin duk abin da ka tsallake, har hannun ƙofa da labulen taga. A kula, 1:43.5 ne a Birtaniya, 1:45 a yawancin Turai, 1:48 a Amurka, inda kuma tsarin kamfanin Lionel mai ƙarafa uku yake da nasa dogon daban.

Akwai wata hanya ta tsakiya da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta: kwaikwayon layin dogo mai ƙunci. On30 jiki ne na O a kan dogo mai tazarar HO. H0e da OO9 jiki ne na HO ko OO a kan tazarar N. Ka samu manyan mutane da gine-gine, da matsattsiyar kwana wadda ba ta munana, domin jiragen gaske na irin waɗannan layuka haka suke shan kwana.

## G

Na lambu ne. Kamfanin Jamus mai alamar LGB ne ya fito da shi a 1968, da dogon tagulla da jikin roba mai jure rana da ruwan sama. Ƙarko ba a magana, yaro ma na iya ɗora shi a dogo. Amma shimfiɗar lambu a inda aka gina ta take zama, 'yan kallo ne ke zuwa gare ta. Abin da ake kaiwa zaure yawanci dogo ne da ake shimfiɗawa a ƙasa a naɗe da yamma. Ma'aunai da dama suna hawa wannan tazara ta milimita 45, kamar 1:20.3 da 1:32, don haka a duba kwali kafin a haɗa kamfanoni.

## Mahaɗar alluna

Duk ma'aunin da aka ɗauka, shimfiɗar baje koli a mahaɗar alluna take tsira ko ta kunyata mai ita. Ana sa turakun ƙarfe biyu a fuskar wannan allo da ramukansu a fuskar wancan, don su riƙa komawa wuri ɗaya kowane lokaci. A shimfiɗa dogon ya haye mahaɗar a haɗe, a liƙe kowane ƙarfe da dalma a kan ƙusar tagulla ta kowane gefe, sannan a yanke shi da siririn zarto. Kuskuren rabin milimita a nan, O zai haye shi, HO zai yi tsalle ya wuce, N zai iya sauka daga dogo, Z kuwa ba ma a magana. A shafe katakon da fenti ciki da waje don kada laima ta lanƙwasa shi, a bar 'yan giɓi a dogo don zafin zaure yana miƙar da ƙarfe, a kuma yi wa ƙarshen kowane allo murfi, tunda a hanya ne ƙarafan baki ke kamo ƙofa su tsinke.

## Wane ne ya dace da wa

Mai ƙaramin ɗaki da ke son dogayen jirage da faɗin ƙasa ya ɗauki N, ya kuma rungumi goge dogo a matsayin wani ɓangare na aikin. Wanda bai taɓa gina komai ba amma yana ɗokin shiga baje koli ya fara da akwatin T-TRAK guda. Mai son jera taragu da tafiyar hawainiya da sauti, wanda zai ɗauki kayansa shi kaɗai a ƙaramar mota, ya gina kanta mai gida biyu a HO, ko a OO in jiragen Birtaniya ne a ransa. Mai ƙaramin ƙarfi da zai dogara da kayan hannu shi ma HO ko OO, muddin ya tsaya a tsarin wuta guda. Mai gina wa yara ƙanana ya nisanci Z da N, ya duba HO mai sauƙin ado, ko G in akwai fili. Wanda ido ko hannu suka fara ba shi wahala, ko wanda daɗinsa a ƙira yake ba a tara jirage ba, O ko On30 ne nasa, da ƙaramar tasha guda da kan jirgi ɗaya. Ƙungiya mai mutane da wurin ajiya da babbar mota tana iya ɗaukar O ko dogon layin HO na gutsure-gutsure. Z kuwa na wanda wurinsa bai wuce aljihun tebur ba ne, kuma yana da haƙurin aiki da hantsaki.